Fitar da Kayan Masana'antu Zuwa Ƙetare: Yana Haifar da 'Yan Kasuwar Cikin Gida ko Yana Danne Su?

A watan Afrilun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta sanar da sabon kuɗin fito a kan kayayyakin ƙasashen duniya, ƙasar Lesotho ta wayi gari da harajin kashi 50 cikin 100 a kan tufafin da take aikawa can. Daga baya an sassauta shi zuwa kashi 15, amma kafin hakan masu saye sun riga sun dakatar da oda, masana'antu sun rage aiki, an sallami ma'aikata da dama. Lamarin ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara: idan ƙasa ta cika da masana'antun da ke ƙera kaya domin sayarwa a waje, shin mutanen ƙasar kan samu hanyar kafa nasu kamfanoni su bunƙasa, ko kuwa suna ƙarewa ne a matsayin 'yan ƙwadago a masana'antar wani, wanda zai iya naɗe tabarmarsa duk ranar da ciniki ya juya?

Masu yabon wannan hanya suna nuni da Koriya ta Kudu da Taiwan da Chaina. Masu suka suna nuni da wuraren da aka shekara talatin ana ɗinki da harhaɗa kaya ba tare da an ga wani kamfanin gida na a zo a gani ya fito ba. Kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma abin da ya raba sakamakon biyu ba yawan kwantenar da ta bar tashar jiragen ruwa ba ne. Abin dubawa shi ne me ya saura a ƙasar bayan kwantenar ta tafi.

Me ake nufi da kayan masana'antu, kuma wa ke fitar da su?

Kayan masana'antu su ne waɗanda aka sarrafa har suka sauya kama daga yadda aka samo su: auduga ta zama yadi, yadi ya zama riga, ƙarfe ya zama keke. Bambancinsu da ɗanyen kaya irin su man fetur ko ma'adinai shi ne suna buƙatar hannaye da yawa da matakai da yawa, kuma kowane mataki na iya zama sana'ar wani. Rijiyar mai na iya kawo wa ƙasa biliyoyin daloli da ma'aikata kaɗan, amma masana'antar riga tana buƙatar mai zare, mai rini, mai maɓalli, mai zik, mai kwali, mai buga lakabi, mai gyaran keken ɗinki da mai motar ɗaukar kaya.

Sai dai kalmar "fitar da kaya" tana ɓoye abubuwa mabambanta. Akwai kamfanin waje da ya kafa reshe a wata ƙasa domin arhar ƙwadago ko rangwamen haraji, yana shigo da komai yana fitar da komai. Akwai kamfanin gida da ke ƙera kaya bisa kwangila, a manna sunan wani kamfanin waje a jiki. Akwai kuma kamfanin gida da ke sayar da kaya da sunansa. A lissafin kwastan duka ukun abu ɗaya ne, amma a rayuwar ɗan kasuwar ƙasar tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi. An daɗe da lura cewa kamfanonin da ke fitar da kaya sun fi sauran girma, sun fi biyan albashi, sun fi ƙwarewa, sai mutane suka ɗauka cewa fitar da kayan ne ya mayar da su haka. Binciken da masana tattalin arziki suka yi tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa a mafi yawan lokuta kamfanonin sun riga sun yi ƙarfi kafin su fara, domin neman mai saye a wata nahiya, da cika ƙa'idojinsa, da jiran kuɗi na watanni, ba aikin mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko akwai wani abu da kasuwar waje ke koyarwa wanda ba a samunsa a gida.

Abin da mai saye na waje ke koyarwa

An gwada wannan a aikace a garin Fowa na ƙasar Masar, inda ake saƙa darduma da hannu. Masu bincike sun ɗauki ƙananan masaƙa sama da 200, suka yi ƙuri'a, aka ba wasu damar saƙa wa masu saye na ƙasashe masu arziki, aka bar sauran a kasuwarsu ta da. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar waɗanda suka samu odar waje ta ƙaru da kashi 16 zuwa 26 cikin 100. Abin lura shi ne ba yawan saƙa suka ƙara ba, sun ma rage sauri. Ingancin aikin ne ya tashi, domin mai saye yana dawo da darduma idan kusurwarta ta karkace, ko ta ƙi kwanciya sosai a ƙasa, ko girmanta ya saɓa wa abin da aka rubuta, dillali kuma yana zama da masaƙi ya nuna masa inda ya kuskure. Daga ƙarshe aka tara masaƙan duka, aka ba kowa zare iri ɗaya da masaƙa iri ɗaya, aka ce su saƙa darduma ta kasuwar gida. Waɗanda suka yi aikin waje sun fitar da wadda ta fi kyau, ba tare da sun ɗauki lokaci fiye da sauran ba. Ke nan ilimin ya zauna a hannunsu, ko da odar ta ƙare.

Wannan shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Mai saye mai tsanani makaranta ce da ba a biyan kuɗinta, kuma abin da ake koya a wurinsa ya wuce ɗinki ko walda: yadda ake lissafin kuɗin kowane mataki, yadda ake cika alkawarin rana, yadda ake tsara layin ma'aikata ɗari biyar, yadda ake rubuta takardun banki da na jirgin ruwa.

Yadda masana'anta ɗaya ta haifi ɗaruruwa a Bangladesh

Babu misalin da ya fi na Bangladesh bayyana wannan. A ƙarshen shekarun 1970 ƙasar kusan ba ta fitar da tufafi. A lokacin akwai wata yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a 1974, wadda ta ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe irin su Koriya ta Kudu za su iya sayarwa a Amurka da Turai. Kamfanin Daewoo na Koriya ya cike nasa kason, sai ya nemi ƙasar da ba a ƙayyade mata ba, ya haɗa gwiwa da wani tsohon jami'in gwamnatin Bangladesh mai suna Noorul Quader, wanda ya kafa kamfanin Desh. A 1979 aka tura ma'aikata 130 zuwa masana'antar Daewoo da ke birnin Busan na Koriya, suka yi watanni suna koyon aikin tun daga yankan yadi har zuwa hulɗa da masu saye. Kafin shekarun 1980 su ƙare, 115 daga cikinsu sun bar Desh, sun kafa nasu kamfanonin ko sun je sun jagoranci sababbi. A yau tufafi su ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da Bangladesh ke fitarwa, sana'ar na ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 4, kuma mafi yawan masana'antun mallakar 'yan ƙasar ne.

Masu ba da wannan labari kan tsaya a kan horon, amma a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba kaɗai. Mutumin da ya koyi aiki amma ba shi da jari ba zai buɗe masana'anta ba. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne wasu dokoki biyu da gwamnati ta amince da su a wajajen shekarun 1980. Ta farko ta ba mai masana'anta damar shigo da yadi da sauran kayan aiki ba tare da biyan kuɗin fito ba, muddin zai ɗinka ya sake fitarwa. Ta biyu ta ba shi damar kai wa banki takardar lamunin da mai saye na waje ya aiko masa, banki ya dogara da ita ya tsaya masa wajen sayo yadin, a biya bayan an aika kaya an karɓi kuɗi. Da wannan tsari, wanda ke da oda a hannu da ɗakin haya da kekunan ɗinki kaɗan yana iya farawa ba tare da ya mallaki kuɗin yadi ba, alhali yadi shi ne ya fi cin kuɗi a cikin riga. Ilimi ya haɗu da hanyar samun jari, sai kamfanoni suka yi ta tsirowa.

An ga makamancin haka a Chaina. Wang Laichun ta shiga masana'antar Foxconn, kamfanin harhaɗa kayan lantarki, da ke birnin Shenzhen a 1988 a matsayin ma'aikaciyar layi, ta yi kimanin shekara goma tana hawa mataki, sannan ta fita ta fara nata aikin. Kamfanin Luxshare da ta kafa a 2004 yana cikin manyan masu harhaɗa wa Apple kaya a yanzu.

Odar da ke gangarowa zuwa ƙananan kamfanoni

Hanya ta biyu ita ce ta masu kawo wa babbar masana'anta kayan aiki. A Kosta Rika, inda kamfanin Intel mai ƙera sassan kwamfuta ya kafa masana'anta a ƙarshen shekarun 1990 sannan masu ƙera kayan asibiti suka biyo baya, an bi diddigin takardun haraji na cinikin da kamfanoni ke yi da juna. An gano cewa kamfanin gida da ya fara sayar wa babban kamfanin waje, bayan shekara huɗu ma'aikatansa sun ƙaru da kusan kashi 26 cikin 100, kuma cinikinsa da sauran masu saye shi ma ya ƙaru. Dalili a fili yake: wanda ya iya gamsar da mai saye mafi wuyar sha'ani ya samu shaidar da zai nuna wa kowa.

Taiwan ta ɗauki wannan da muhimmanci tun da wuri. Lokacin da kamfanin Singer mai kekunan ɗinki ya nemi izinin kafa masana'anta a farkon shekarun 1960, gwamnati ta gindaya masa sharaɗin ya riƙa sayen mafi yawan sassan keken daga masu ƙera na cikin gida, ya kuma taimaka musu su gyara aikinsu. Sakamakon haka ingancin sassan ya tashi, sauran masu haɗa kekunan ɗinki na ƙasar ma suka amfana. Tattalin arzikin Taiwan ya ginu ne a kan dubban ƙananan kamfanonin iyali da ke karɓar aiki daga hannun juna. Daga cikinsu kamfanin keken hawa na Giant ya fito: an kafa shi a 1972, ya fara ƙera wa kamfanin Schwinn na Amurka kekuna a 1977, ya fara sayarwa da sunansa a 1981. Schwinn ya durƙushe a 1992, Giant kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera keke a duniya.

Koriya ta Kudu ta bi wata hanya dabam. Gwamnatin Park Chung-hee ta ba wasu 'yan kamfanoni bashi mai sauƙi bisa sharaɗin su cika adadin fitar da kaya da aka yanka musu. Kamfanoni irin su Samsung da Hyundai sun bunƙasa, amma ƙananan kamfanoni sun daɗe suna rayuwa a inuwar manyan, suna kukan matsin farashi.

Inda masana'anta ke zama tsibiri

Meziko ta fara shirin masana'antun kan iyaka a 1965, inda ake shigo da sassa daga Amurka ba haraji, a harhaɗa, a mayar. Shirin ya samar da ayyuka masu yawa, musamman bayan yarjejeniyar ciniki ta Arewacin Amurka ta 1994. Amma tsawon shekaru da dama kayan aikin da waɗannan masana'antu ke saya daga kamfanonin Meziko bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ana tsara kayan a waje, ana zaɓar masu kawo sassa a waje, ana yanke shawara a waje. Ma'aikacin da ya shekara goma yana manna abu ɗaya a kan allon lantarki bai ga hoton aikin gaba ɗaya ba, balle ya yi tunanin kafa nasa.

Haka abin yake a Lesotho. Dokar Amurka ta AGOA, wadda ta fara aiki a 2000, ta ba ƙasashen Afirka damar shigar da tufafi ba haraji, sai masu jari, mafi yawansu daga Taiwan, suka kafa masana'antu, aka ɗauki dubun-dubatar ma'aikata, galibinsu mata. Wannan alheri ne da ba za a raina ba a ƙasa mai mutum miliyan biyu da ɗoriya. Amma yadin daga waje yake zuwa, manyan muƙamai na hannun baƙi, hulɗa da masu saye kuma ana yin ta ne daga hedkwatar kamfanonin a Asiya. Bayan fiye da shekara ashirin, masana'antun da 'yan ƙasar suka mallaka ba su taka kara sun karya ba. Habasha ma ta ɗanɗana nata: ta buɗe rukunin masana'antu na Hawassa a 2016, ta jawo manyan kamfanonin tufafi, amma da Amurka ta cire ta daga AGOA a farkon 2022 saboda yaƙin Tigray, ayyuka da yawa suka salwanta.

Tsibirin Morishus ya nuna cewa ba dole ba ne a ƙare haka. Ya kafa nasa tsarin masana'antun fitar da kaya a 1970, masu jari daga Hong Kong suka zo, amma dokar ba ta killace masana'antun a fili ɗaya ba, kuma masu gonakin rake na ƙasar sun zuba ribar sukari a harkar saƙa da ɗinki. Da baƙin suka fara tafiya, akwai 'yan gida da suka riga suka san sana'ar kuma suka mallaki nasu.

Farashin da ƙaramin ɗan kasuwa ke biya

Ko a inda abin ya yi kyau, akwai waɗanda ke ji a jikinsu. Babbar masana'anta na janye ƙwararrun ma'aikata daga ƙananan shaguna saboda ta fi biya ko ta fi tabbas. Hayar fili da gidaje na tashi. Idan wutar lantarki ba ta wadata ba, yankin masana'antun fitarwa ake fara ba, sauran su jira. Bankuna sun fi son ba da bashi ga mai takardar oda ta dala. Sau da yawa kuma kamfanin waje na samun hutun haraji na shekaru, yayin da ɗan ƙasa mai yin irin aikin yake biyan komai, kuma idan kayan da aka shigo da su ba haraji suka sulale zuwa kasuwar gida, mai ƙera irinsu a gida shi ne ke kwana ciki. Wannan rashin adalci ne da gwamnatoci da kansu suke ƙirƙira, kuma ba kasafai ake lissafa shi ba idan ana bikin buɗe sabuwar masana'anta.

Shi ma wanda ya samu shiga bai tsira ba. Ƙaramin kamfani da ke da mai saye ɗaya tak ba shi da bakin ciniki: ana yanka masa farashi, ana biyansa bayan wata biyu ko uku, kuma ranar da aka janye oda ba shi da madafa. Wannan matsi ne ke gangarowa har ya kai ga rai. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza da ke kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh, ya rufta, mutum sama da 1,100 suka mutu, mafi yawansu ma'aikatan ɗinki, bayan an ga tsagewa a ginin kwana ɗaya kafin nan amma aka umarce su da su koma aiki. Tsauraran ƙa'idojin da suka biyo baya sun ceci rayuka, kuma wajibi ne, amma sun sa kuɗin shiga sana'ar ya ƙaru, ƙananan masana'antu da yawa suka rufe, harkar ta ƙara tattaruwa a hannun manya. Ƙofar da mutanen Desh suka bi a shekarun 1980 ta fi ta yau faɗi nesa ba kusa ba.

Aikin albashi ko sana'ar kai?

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ganin adadin masu sana'ar kansu ya ragu a garin da masana'anta ta shigo, sai su ce an kashe kasuwanci. Ba lallai ba ne. Da yawa daga masu ƙananan sana'o'i a ƙasashe matalauta rashin aiki ne ya tura su, kuma idan suka samu albashi mai tabbas suka bar tallar, ba asara aka yi ba. Albashin kuma yana komawa kasuwa: masu abinci, masu haya, masu sufuri da masu shaguna duk suna samun ciniki, ko da yake irin waɗannan sana'o'i suna tashi da masana'antar ne, suna kuma faɗuwa tare da ita.

Amma kada a ɗauka aikin masana'anta kullum ya fi. A wani gwaji da aka yi a Habasha da masu neman aiki kusan 1,000, an ba wasu aikin masana'anta, aka ba wasu jarin dala 300 da ɗan horo. Mafi yawan waɗanda suka shiga masana'anta sun bar aikin kafin shekara ta zagayo, kuɗin shigarsu bai fi na waɗanda ba a ba komai ba, kuma sun fi kokawa da matsalar lafiya. Masu jarin sun fi samu a shekarar farko, amma bayan shekara biyar bambancin ya kusa ɓacewa.

Tasirin ya kan kai har ga 'yan kasuwar gobe, ta hanyar makaranta. A Meziko an ƙiyasta cewa a duk ayyuka 25 da masana'antun fitarwa suka samar tsakanin 1986 da 2000, ɗalibi ɗaya ya bar karatu da wuri domin ya kama aiki. A Bangladesh kuwa an ga akasin haka ga 'yan mata: waɗanda ke zaune kusa da masana'antu sun fi daɗewa a makaranta, sun kuma jinkirta aure, saboda iyaye sun ga cewa aikin yana buƙatar wadda ta iya karatu da lissafi. Irin aikin da aka kawo shi ke yanke hukunci.

Abin da ke hannun gwamnatoci, da abin da ya sauya

Ƙasar da ke son baƙin masana'antu su bar mata 'yan kasuwa tana da abubuwan yi, kuma ba su da ƙyalli irin na yanka kirtani. Ta tabbatar rangwamen da ake ba mai fitar da kaya ya kai ga ɗan gida da ke sayar masa da kwali ko zare, domin idan shigo da kwali daga waje ba haraji ya fi sayensa a maƙwabta arha, babu manajan da zai saya a gida. Ta nace a horar da 'yan ƙasa a matakin manajoji da injiniyoyi da masu hulɗa da masu saye, domin daga wannan sahu ne masu kafa kamfanoni ke fitowa. Ta samar da hanyar da oda za ta zama jingina a banki. Tilasta sayen kayan gida kuwa, irin wanda Taiwan ta yi wa Singer, dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya sun taƙaita shi tun 1995, kuma ko a da can yana aiki ne kawai inda akwai masu ƙera da suka kusa kai matsayin da ake buƙata. Biyetnam na fama da wannan a yanzu: Samsung ya kafa manyan masana'antun wayar salula a can tun 2009, har kayansa suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙasar ke fitarwa a wasu shekaru, amma sassa masu tsada har yanzu galibi kamfanonin Koriya da suka biyo shi ne ke samar da su, 'yan gida kuma sun fi yawa a kwali da roba.

Ga ƙananan kamfanoni, kasuwar maƙwabta ta fi ta nesa sauƙin shiga, domin odar ba ta da girman da zai fi ƙarfinsu, ɗanɗanon masu saye ya yi kama da na gida, kuma mutum na iya sayarwa da sunansa maimakon ya ɓuya a bayan lakabin wani. Wannan ne ya sa ake sa rai da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda aka ƙaddamar da ciniki a ƙarƙashinta a ranar 1 ga Janairun 2021, musamman da yake kayan da ƙasashen nahiyar ke sayar wa junansu sun fi ƙunsar abin da aka sarrafa idan aka kwatanta da wanda suke aikawa Turai ko Asiya. Sai dai aiwatar da ita na tafiyar hawainiya, kuma mai ƙaramar masana'anta da motarsa ke kwanaki a kan iyaka tana jiran takardu, kuɗinsa na ɗaure a cikin kayan, bai fara ganin amfaninta ba tukuna.